Ana Neman Mai Ganga

Grimsby, 8 ga Fabrairu, 1976

Ɗana Neville,

Gaisuwa mai yawa daga ni da mahaifiyarka, da fatan Amurka ba ta haɗiye ka ba tukuna. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da ke ba ni labarin ruwan sama tun kafin mutumin rediyo ya sani, da tarin mahaifiyarka wanda ta ce ya tafi, amma maƙwabta sun ce ba su ga fitarsa ba.

Katinka ya iso, mai hoton gada. Na ƙirga kalmomin, goma sha ɗaya ne har da sunanka. Ni da na bar makaranta ina ɗan sha uku na tafi feɗe kifi a tashar jiragen ruwa, ga ni ina cika takarda gaba da baya. Kai da muka bari a aji har gemu ya fito maka, goma sha ɗaya. Ba komai. Mahaifiyarka ta jingina shi a kan talabijin, duk wanda ya shigo sai ya gaisa da gadar kafin a ba shi shayi.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in ba ka labarin mutumin da ke riƙe da muƙami uku a gidan nan: surukina, mijin ƙanwarka Pauline, kuma mai buga maka ganga shekara goma sha biyu. Clive nake nufi, ko ka manta sunan. Likita ya ce ƙashin wuyan hannun ya kama, ƙarshen wata za a cire filastar. Har yanzu kunyar abin yake ji. Ya ce da a kan dandamali ya karye da ya samu abin faɗa wa jikoki, amma mutum ya zame a kan ƙanƙara a bayan motar kaya a Sheffield, kwana huɗu kafin jirginku ya tashi, wannan ba labari ba ne. Na ce masa ni ma tabon da ke hannuna ba kifi ne ya yi mini ba, gwangwanin wake ne, amma shekara talatin ke nan ina ɗora wa kifi.

Ba ya zama. Da hannun hagu yake dukan matasan kujera tun safe, Pauline ta ce ƙurar da ya fitar daga cikinsu ta isa a shuka dankali. Ranar Lahadi suna zuwa cin gasasshen nama kamar kullum, ni nake yayyanka masa nasa kamar yaro. Duk zuwa sai ya tambaya ko akwai labarin Nev. Yau na nuna masa gadar.

Sabon faifanku kullum yana kan injin garmaho. Ka san ni da kiɗanku, waƙar nan ta uku da jitarka ke kuka minti bakwai, ni dai tsuntsun teku nake ji ya haɗiyi ƙugiya. Amma mahaifiyarka ta ce akwai baƙin ciki mai kyau a ciki, kuma ita ce ta gama makaranta. Clive kuwa da an ɗora shi sai ya tashi ya je duba ko ruwan shayi ya tafasa. Bai taɓa son yabo ba, tun kuna 'yan sha huɗu kuna hana unguwa sakat a ɗakin ajiyar gawayina.

Ka rubuto masa layi biyu. Ko hoton wata gadar ce.

Mahaifinka,
Wilf

Detroit, 17 ga Fabrairu

Baba,

Na tarar da wasiƙarka a otal. Na karanta wa abokan aikina wurin gwiwa, sun ce a gaishe ta. Ina lafiya, sai dai sanyi ya tsattsaga mini yatsu. Kullum sabon gari, wani ban san sunansa ba sai na gani a jikin tikiti. Shekaranjiya mutum dubu shida suka zo. Ka gaishe da Mama, ta je ta ga likita kan tarin nan, kada ta biye maka.

Akwai alfarmar da nake nema, tsakanina da kai. Ba'amurken da muka ɗauko haya ya zauna kan ganga zai koma wurin mutanensa da zarar mun gama zagayen nan. Na sa an buga sanarwa a jaridar mawaƙa ta London. Babu sunanmu, an dai ce wata sananniyar ƙungiya tana neman mai ganga, sai lambar akwatin wasiƙa. Haka ake yi, in ba haka ba mahaukata su cika mana ƙofa. Na ce jaridar ta riƙa turo amsoshin gidanka, domin ofishinmu na London rariya ne, abin da aka faɗa da safe kafin la'asar ya isa mashaya. Kai dai ka tara su, wasiƙun da kaset-kaset ɗin, ƙarshen Maris ka ɗaure ka aiko mini Los Angeles. Kada Pauline ta gani.

Ka ce wa Clive kada ya yi gaggawa. Ya huta sosai, ya kula da hannun, kada ya damu kansa da mu.

Ɗanka,
Neville

Grimsby, 7 ga Maris

Ɗana Neville,

Muna gaishe ka. Mahaifiyarka ta je ta ga likitan, ya ba ta wani ruwa baƙi, tarin ya ji ɗanɗanonsa sau ɗaya ya tattara kayansa. Gwiwa tana amsa gaisuwar abokan aikinka.

To, ga ni na zama babban sakatare bayan tsufa. Ɗan wasiƙa ya fara kallona da mutunci. Zuwa jiya amsa goma sha takwas, na zuba su a akwatin kifi na kai rumfar lambuna na rufe da buhun albasa. In ka ji kaset ɗin suna wari, ba laifin masu kiɗan ba ne. Ka ce in tara kawai, amma ka san ubanka, na buɗe su duka. Ban taɓa sanin ƙasar nan tana da gashi haka ba. Wani daga Leeds, na daɗe ina juya hotonsa ina neman inda fuskar take. Wani ya ce yana buga ganga da ƙafa biyu, na ce to da me yake tafiya gida. Kowannensu shi ne gwanin Ingila, ba a dai gano shi ba tukuna.

Na isar da saƙonka. An cire filastar ranar Talata, hannun ya fito fari siriri kamar kifin da ya kwana a ruwa. Da suka zo yau, bayan mun ci abinci, mata sun shiga wanke-wanke, na ja shi bayan gida na faɗa masa kamar yadda ka rubuta, ban ƙara gishiri ba, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a wurina: kada ya yi gaggawa, ya huta sosai, kada ya damu kansa da ku. Ya tambaye ni ko kalmominka ne ko nawa. Na ce naka ne, har na zaro takardar na naɗe saman na nuna masa wurin. Ya karanta sau biyu. Ya tsaya yana kallon igiyar shanya, can ya ce, "Na gane, Baba. Dama na san haka za ta kasance." Daga nan ya tambaye ni yaushe zan dasa albasa. Namiji ne. Ni na san ya so ya iske ku ko a ƙarshen zagayen ne, amma bai nuna ba. Saboda haka ka sauke wannan nauyin daga ranka.

A tasha kuwa abubuwa ba daɗi. Tun da rikicin kifin nan da mutanen Iceland ya yi tsami, jirage suna ɗaure a jere suna tsatsa. Tsohon abokina Herbert, shekara ashirin da shida a jirgi ɗaya, ya je da jakarsa ranar Litinin ya tarar jirgin ya tashi tun asuba da wani a gurbinsa. Ba wanda ya ce masa uffan. Ya dawo mashaya yana cewa aƙalla sun rage masa wahalar amai.

Duk wanda ka zaɓa cikin masu gashin nan, ka gaya masa kada ya saba da kujerar, tana da mai ita.

Mahaifinka, sakatare,
Wilf

Grimsby, 16 ga Maris

Neville,

Lafiyarmu ƙalau, ina fata kai ma haka. Yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Da safen nan jaridar ta turo ambulan mai amsa biyar. Na kai rumfa na zauna a kan bokiti ina buɗewa ina dariyata. Ta uku ban ma buɗe ba na san hannun. Rubutun nan ne mai jingina baya kamar mai tafiya cikin iska, wanda ke kan katin Kirsimetinmu duk shekara, sai dai yanzu yana rawa saboda karayar. Hoton da ya sa a bayan gidana aka ɗauke shi bara, ga waken da na shuka a bayansa. Ya sa almakashi ya cire Pauline, amma ya bar kafaɗarta.

Clive ya nemi aikin, Neville. Bai san ƙungiyar wa ba ce. Ga takardar nan na haɗo maka, amma zan kwafe maka tsakiyarta da hannuna, ko da za ka ce ta faɗi a hanya:

"Shekarata goma sha biyu a ƙungiya ɗaya, ban taɓa makara ba. Ba ni da saurin hannu irin na yaran yanzu, amma ba na barin mai waƙa ya faɗi. Ina jin mutanena sun gama da ni. Shugabanmu abokina ne tun yarinta, ya kasa faɗa, ni kuma ba na so in tilasta masa. Ba ni da kaset, amma faifanmu huɗu na farko suna kasuwa. Matata za ta haihu a watan Satumba. Ina roƙo kada a tuntuɓi ƙungiyata."

Ka ga yadda na ji zan yi jika: a kan bokiti, daga takardar neman aiki. Pauline ba ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba tukuna. Ban kuma san abin da ya sa ya ce faifai huɗu ba, alhali biyar ne a kan injinmu.

Ni a zatona mai riƙon ƙwarya kake nema, kamar yadda muke yi a tasha in mutum ya yanke yatsa, a sa wani a teburinsa har ya warke, wuƙarsa tana rataye a ƙusarta ba mai taɓawa. Na ɗauka ɓoyewar don kada hankalinsa ya tashi ne. Yau na sake karanta wasiƙarka sau huɗu ina neman inda ka ce na ɗan lokaci ne. Babu. Ni na sa shi da kaina, kamar yadda nake sa wa kowane labari wutsiya.

Ka ce mini na yi kuskure. Ka ce mini yaron ya firgita ne kawai saboda zaman gida, in je in ja masa kunne mu yi dariya. In kuma ba haka ba ne, ka faɗa mini da baƙaƙen da mai aji shida zai gane. Ranar Lahadi zai zauna gabana, ban san inda zan ajiye idona ba.

Mahaifinka,
Wilf

Denver, 15 ga Maris

Baba,

Wasiƙarka ta bakwai ga wata ta same ni jiya. Na ji daɗi tarin Mama ya tafi. Ni ma lafiya, kuma yau na ci abinci kamar mutum, karo na farko cikin makonni.

Ban san yadda zan gode maka ba. Na rubuta layukan nan uku ina fatan Clive zai ji abin da ke ƙarƙashinsu, domin ya san ni fiye da kowa. Da ka ce ya ce ya gane, dama ya san haka za ta kasance, sai da na zauna a bakin gado. Shekara biyu ina ɗauke da wannan. Na yi dariya kuma wurin da ka ce sabon kada ya saba da kujera. Kai kaɗai ke iya sa mutum dariya a gidan makoki.

Tunda ta ƙare, bari ka ji dalili, kada ka ɗauka girman kai ne. Ba karayar ba ce. Tun kafin ta, Clive ya fara ja baya. A kulob ɗin ma'aikata na unguwarmu ba mai ji, amma a zauren mutum dubu shida, in ganga ta makara da ƙiftawar ido, kamar ka taka matakalar da babu ce. Kullum sai in juya in kalle shi, ya yi mini murmushi, gumi na zuba, yana ba da duk abin da yake da shi. Sauran abokan aikina ukun sun daɗe suna yi mini magana. Waƙoƙin da nake ji a kaina yanzu sun fi hannunsa gudu, na yi ta rage musu gudu saboda shi har na fara jin haushinsa, abin da ban taɓa zaton zai faru ba.

Akwai wanda ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Faifan nan na biyar, bayan Clive ya gama nasa ya koma Grimsby, mun kira wani a London ya sake buga gangar gaba ɗaya a kwana uku. Sunan Clive ne a bayan kwalin, hannun ba nasa ba ne. Bai sani ba, kuma ba sai ya sani ba.

In na dawo a watan Yuni zan kai shi mashaya, ba sai mun tayar da maganar ba. Kada ka manta da kaset ɗin.

Ɗanka,
Neville

Grimsby, 24 ga Maris

Ɗana,

Muna lafiya. Wasiƙunmu sun yi saɓani a kan teku, taka tana zuwa da godiya, tawa tana tafiya da abin da ka riga ka gani yanzu. Ka riƙe godiyarka, ban yi aikinta ba. Ashe takardar kora na kai wa surukina a bayan gidana, shi ya gane, kai ka gane, ɗan aiken kaɗai ke washe baki yana maganar albasa. Maganar kujera kuwa ba wasa nake yi ba. Sau ɗaya a shekara nake faɗin magana da gaske, ita ma ta zo maka a rigar wasa, domin ba ni da wata rigar.

Ka ce bai san zancen faifan ba. Haba Neville. Ni in aka jera mini kifi ɗari a kan tebur zan nuna maka wanda wuƙata ta taɓa. Mutumin da ya ce faifai huɗu, wanda ke tashi duba ruwan shayi duk lokacin da mahaifiyarka ta ɗora na biyar tana cewa ku ji Clive ɗinmu, kana zaton bai san hannunsa ba? Tun watan Satumba yake zaune da wannan a teburina yana cewa a miƙo masa gishiri.

Ban ce ka bar shi a kujerar ba. Na kwana biyu ina so in ce haka, na kasa. Ban san kiɗa ba, amma na san aiki, na kuma ga yadda mai jinkirin hannu ke zama a tsakiyar tebur kowa na jiransa, shi ma ya san ana jiransa. Wannan ba tausayi ba ne. Sunanka ne a saman allo da manyan baƙaƙe, kai za ka yanke. Amma wanda ya yanke shi ke faɗa.

Na zauna a rumfa ina ta zaginka a raina, sai na tuna da Bosun. Kana ɗan shekara bakwai lokacin da karen nan ya tsufa ya makance, na kai shi wurin likitan dabbobi na dawo da igiya kaɗai. Ka tare ni a ƙofa. Na duba fuskarka na ce maka Bosun ya samu aiki a jirgin kamun kifi, an ba shi hula da gado nasa. Ka yi dariya, ni ma na samu na wuce. Kusan shekara biyu kana zuwa bakin tasha duk Asabar kana duba jiragen da suka shigo. Ina ganinka daga teburina, ban fito ba ko sau ɗaya. To wa zan zarga yau? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni na lulluɓe abu da wasa, kai kana lulluɓe shi da ladabi, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ga inda na tsaya. Ba zan faɗa masa ba, domin ba daga bakina yake jira ba. Kaset ɗin kuma, yanzu ashirin da shida ne, ba za su bar ƙarƙashin buhun albasa ba sai ka rubuta wa Clive da hannunka, ka kira abin da sunansa, har da faifan. Ka aiko ta hannuna, ni zan kai. Wannan karon zan so in san abin da nake ɗauke da shi.

Mahaifinka,
Wilf

Grimsby, 20 ga Afrilu

Neville,

Muna lafiya, in ka damu ka sani. Lahadi huɗu ke nan ban ji daga gare ka ba. Pauline ta faɗi maganar cikin ranar bikin Ista, na yi mamakin da ya fi na kowa, har mahaifiyarka ta tsare ni a kicin ta ce ban iya ƙarya ba sai ta wasa. Yanzu ita ma ta san komai, ta sauke faifan ta sa a ƙarƙashin gado.

Wani mai murya kamar ya haɗiyi cokali ya bugo waya daga ofishinku yana tambayar wani ƙunshi. Na ce masa kunnena ya mutu tun yaƙi.

Clive ya fara tuƙa wa wani mai sayar da kifi mota, ya ce don hannun ya motsa ne. Pauline ta ce kullum shi ke riga ta zuwa ƙofa in ɗan wasiƙa ya wuce. Ita ta ɗauka taka yake jira. Jiya ya tambaye ni, yana kallon gefe, ko a ganina mutanen London suna amsa wa wanda ba su ɗauka ba. Na ce ban sani ba. Wasa uku suka zo mini baki, na haɗiye su.

Wilf

Los Angeles, 2 ga Mayu

Baba,

Ina lafiya. Ka yafe shirun. Takardar Clive tana cikin akwatin jitata tun Maris, duk lokacin da na buɗe sai na gan ta. Na fara amsa ta ya fi sau goma. Sau biyu na yanke shawarar in bar shi a kujerar kawai, in ci gaba da rage gudu har mu tsufa. Amma hakan ma wata hanyar ce ta ƙin faɗa masa.

Ga ta nan a rufe. Babu abin da na bari: korar, da dalilin, da faifan, da cewa akwatin jaridar da ya rubuta wa nawa ne. Ban roƙe shi ya yafe ba, ban ga ina da bakin ba.

Na san Bosun bai samu aiki ba, Baba. Tun makon farko Herbert ya faɗa mini. Ina zuwa tashar ne don kada ka san na sani.

Neville

Grimsby, 12 ga Mayu

Ɗana Neville,

Gaisuwa daga ni da mahaifiyarka. Tana lafiya, tana saƙa wasu ƙananan safa masu launin da ba na mace ba ba na namiji ba. Layinka na ƙarshe na karanta shi a tsaye, sai da na nemi bokitina. Ba zan ce komai a kansa ba yanzu, duk abin da ya zo mini wasa ne.

Na kai. Ranar Litinin da rana na ce ya biyo ta lambu in ya sauke kifinsa, ina so ya kama mini wani katako. Da ya zo na ce masa babu katako, ga wasiƙa daga Nev, kuma na san abin da ke ciki, na kuma daɗe da sani. Ya goge hannunsa a wando ya karɓa. A tsaye ya karanta, shafi huɗu, ni ina tsugune ina cire ciyawar da na riga na cire. Da ya kai wurin maganar akwatin jaridar sai wuyansa ya yi ja har kunne. Ya tambaya ko na ga takardar tasa. Na ce na gani, ni na aika maka. Ya ce, "Har hoton?" Na ce har kafaɗar Pauline. Ya yi wata dariya gajeriya wadda ba zan so in sake ji ba.

Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu. Sannan ya ce faifan bai yi masa zafi kamar yadda kake zato ba, mutumin ya buga da kyau. Abin da ya ci shi shi ne ranar da faifan ya fito ka rungume shi a gaban mutane ka ce ya yi aikin ransa.

Daga nan ya tambaya ina sauran. Na ɗaga buhun albasa. Ya je mota ya ɗauko ɗan rikodansa, muka zauna a ƙofar rumfa har rana ta yi sanyi, yana sa kaset ɗaya bayan ɗaya. Wani ko minti bai kai ba yake cirewa. Mai ƙafa biyun nan ya ce gwani ne, amma kansa yake saurara. Akwai wani daga Dundee, Alastair Rennie, wanda ko hoto bai sa ba. Wannan ya ji shi har ƙarshe, ya mayar, ya sake ji, yatsunsa suna bi a kan gwiwa. Ya miƙo mini ya ce, "Wannan. Ka ce wa Nev in ya tsorata gudu yake yi, tun muna yara, waƙa ta biyu ba ta ƙarewa sai ya fara tsere. Masu gashin nan duk za su bi shi su faɗa rami tare. Wannan zai riƙe masa riga."

Na tambaye shi ko akwai wani saƙon. Ya ce in ce maka wasiƙar ta iso. Na jira ko da ƙari, ya tashi ya ce kifin gobe ba zai kai kansa ba.

Na ɗaure ƙunshin na aika jiya, na Dundee yana sama da jan zare.

Pauline kuwa ba Clive ba ce. Ya faɗa mata da yammar, washegari ta zo ta tsaya a tsakar ɗakina da cikinta ta wanke ni tas, ta ce ni da kai kanwar ja ce. Ban musa ba. Ta ce ɗanta ba zai san yana da kawu mai jita ba. Mahaifiyarka ta ce a ba ta lokaci. Ni ban sani ba, 'yata ce, amma taurin kan na wajen uwar ne.

Ka ce za ka dawo a Yuni ka kai shi mashaya ba sai kun tayar da maganar ba. A'a. Lahadin farko za ka zo gidan nan ka zauna inda ka saba, yana fuskantarka, ita tana gefensa. Ban yi maka alkawarin zai yi maka magana ba, ban kuma yi maka alkawarin ita za ta yi shiru ba. Abin da na yi alkawari, a gaban mahaifiyarka, shi ne in shirun ya sauko a kan teburin zan kama bakina in bar ku da shi, ba zan cece ka da ko wasa ɗaya ba.

Ta ce ba zan kai minti biyu ba. Ina ta gwaji a rumfa da agogo. Jiya na yi huɗu.

Mahaifinka,
Wilf